Wutar da Ba Ta Shiga Lissafi Ba: Batsari, Safana da Hasashen Masu Tsara Lantarki

A Lambar Rimi, gefen hanyar Katsina zuwa Kano, akwai dogayen turaku 37 masu fanka a kai, waɗanda aka kafa domin su samar da megawat 10 na lantarki daga iska. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamnan jihar aka fara maganarsu. Kamfanin Vergnet na Faransa ya karɓi aikin, aka sace injiniyansa Francis Collomp a garin Rimi cikin Disambar 2012, daga nan aikin ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. A Yulin 2016 kuma, NBET, kamfanin gwamnatin tarayya mai sarin wuta, ya rattaba hannu da kamfanoni 14 kan manyan tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,000, ciki har da ta megawat 75 da aka ce za a gina a Kankiya. Yarjejeniyoyin suka tsufa a cikin fayil. Duk waɗannan megawat an rubuta su, an sa su cikin jadawalin tsare-tsare, an yi jawabai a kansu.

Wutar da ta iso hannun jama'a kuwa ta wata hanya ta biyo. Cibiyar Ember, wadda ke bin diddigin alƙaluman kwastan na ƙasar Sin, ta ƙiyasta cewa cikin wata 12 da suka ƙare a Yunin 2025 Najeriya ta shigo da farantan sola na kimanin megawat 1,700. Wani kaso na farantan nan ya bi manyan motoci zuwa kasuwannin Kano da Katsina, daga can ya hau ƙananan motoci da babura, ya watsu kan rufin shagunan cajin waya, da masallatai, da rijiyoyin burtsatse, da bakin fadamu. Doka ba ta nemi mai faranti ɗaya ko biyu ya sanar da kowa ba, shi ma ba shi da dalilin yin haka. Sakamakon shi ne, a ƙananan hukumomi irin Batsari da Safana akwai wani tsarin lantarki da ke girma kullum, wanda masu tsara lantarkin jihar ba su da shi a takarda.

Wannan giɓi ya cancanci a damu da shi fiye da yadda ake yi, domin yanzu alhakin tsarawa ya matso gida. Gyaran kundin tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki da aka sa wa hannu a Yunin shekarar sun ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a Disambar 2023 domin shirin DARES, wanda hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ke gudanarwa, da burin kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Kuɗi na tafe, kuma za a raba su ne bisa wani hasashe na inda ake bukatar wuta da yawan da ake bukata. Idan hasashen ya karkace, turaku da wayoyi da batura za su sauka inda bai kamata ba, su zauna a can shekara 20.

Aikin mai tsara lantarki, a taƙaice, amsa tambaya biyu ne: nan da shekara 5 ko 10, wuta nawa wannan yanki zai nema, kuma daga ina za ta fito? A da tambayar ta biyu mai sauƙi ce, tunda tashoshin kaɗan ne, manya ne, kuma kowa ya san sunansu: Kainji, Jebba, Shiroro, Egbin. Wuta tana gangarowa daga can zuwa Kumbotso a Kano, ta biyo layin kilobolt 132 ta Kankiya zuwa Katsina, sannan KEDCO ya rarraba ta. Da farantin sola ya yi araha, sai mai shan wuta ya koma mai samar da ita. Abin da layin KEDCO zai ɗauka yanzu shi ne bukatar jama'a bayan an cire abin da suka samar wa kansu. Wanda bai san adadi na biyu ba, ba zai taɓa fitar da na ƙarshe daidai ba.

Ƙasashen da suka fi Najeriya kayan aiki ma sun sha ƙasa a wannan lissafi. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta shafe shekaru tana fitar da hasashen bunƙasar sola da gaskiya ke zarce shi kusan kowace shekara. A Afirka ta Kudu, ƙiyasin Eskom ya nuna solar kan rufi ta tashi daga kimanin megawat 1,000 a farkon 2022 zuwa sama da 4,400 a tsakiyar 2023, lokacin da ɗauke wuta ya yi tsanani. Pakistan ta shigo da farantai na kimanin megawat 17,000 a 2024 kaɗai. Masu hali suka rage shan wutar gwamnati, alhali ƙasar ta riga ta ɗaure kanta da yarjejeniyar biyan manyan tashoshi ko an sha wutarsu ko ba a sha ba, nauyin ya koma kan waɗanda ba su da kuɗin sayen faranti. Ostireliya da Jamus sun ɗauki darasi da wuri, suka buɗe rajistar ƙananan na'urorin samar da wuta, Jamus a 2019, Ostireliya a 2020.

Akwai dabarun hasashe da aka saba da su. Wanda ya fi shahara ya samo asali daga lissafin da Frank Bass ya wallafa a 1969 kan yadda sabon kaya ke yaɗuwa: 'yan kaɗan su fara, maƙwabta su gani su kwaikwaya, abin ya yi gudu, daga baya ya lafa idan kasuwa ta ƙoshi. Masu tsara lantarki a Amurka da Turai suna haɗa wannan da tambayar shekara nawa mai gida zai yi kafin ragin kuɗin wuta ya mayar masa da abin da ya kashe. Dabara ce mai kyau a inda aka ƙirƙire ta. Amma ta ɗauka cewa mai gidan yana da wuta awa 24, yana da mita, yana da takardar biyan kuɗi, kuma zai ci gaba da kwana a gidan nan shekara goma masu zuwa. A Batsari da Safana, a cikin sharuɗɗan nan huɗu da wuya a sami wanda ya tsaya da ƙafarsa.

Ko dabarar Eskom, mai ban sha'awa, ba za ta yi aiki a nan ba. Su suna kwatanta wutar da aka ja daga layi ranar da gari ya yi garau da ranar da hadari ya rufe, bambancin ya nuna musu yawan solar da ke ɓoye kan rufi. Wannan yana bukatar layi mai wuta a kowane lokaci. Layin karkara da ke samun awa kaɗan a rana, ko ya yi makonni a mace, mitarsa tana auna abin da aka turo ne kawai. Bukatar jama'a ba ta taɓa samun damar bayyana a kai ba. Duk wanda ya ɗauki tarihin irin wannan layi ya ja shi gaba ya kira shi hasashen bukata, lissafin dokin Rano ya yi.

To me ke tura mutumin Batsari ko Safana ya sayi faranti? Abu na farko farashin fetur ne, domin abokin takarar sola a nan janareta ne da injin ban ruwa. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A daidai lokacin farashin faranti a kasuwar duniya ya faɗi warwas. Manomin rani da ke zuba fetur a injinsa duk bayan kwana biyu ko uku bai bukaci wani masani ya yi masa lissafi ba. Saboda haka hasashen da bai ɗauki farashin mai da canjin dala a matsayin ginshiƙansa ba, ya bar jaki yana dukan taiki. Haka ma manufofin gwamnati: a 2025 an ji ministan kimiyya da fasaha na lokacin yana maganar hana shigo da farantai daga waje, kuma irin wannan mataki ɗaya ya isa ya lanƙwasa duk wani layin hasashe.

Abu na biyu, wanda babu shi a littattafan da aka rubuta a Turai, tsaro ne. Ƙananan hukumomin biyu suna jingine da dajin Rugu, kuma suna cikin waɗanda ɓarayin daji suka fi addaba. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita gidajen man da za su yi ciniki a yankunan da abin ya shafa. A Satumba aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, Batsari da Safana na ciki, aka kuma hana sana'ar cajin waya ta kuɗi a wurare da dama. Ba a nan za a yanke hukunci kan amfanin waɗannan matakai ba. Abin lura shi ne yadda umarni guda ya sauya dangantakar jama'a da wuta cikin dare ɗaya: janareta ya rasa abinci, shagon caji ya rufe, ƙarfen sabis ya yi shiru. Mutumin da ya ga haka ya koyi cewa hasken da ba ya bukatar jarka shi ne wanda ba a iya yanke masa. Darasin ya sake zuwa a Oktoban 2024, lokacin da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar layin Ugwuaji zuwa Apir suka jefa yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda.

Rashin tsaro yana kuma tsara irin solar da ake saya. Magidancin da bai tabbata zai kai kaka a ƙauyensu ba zai zaɓi abin da babur zai iya ɗauka: ƙaramin faranti, batir ɗaya, fitila biyu. Mai hali kuma yana da dalilin da zai sa ya ƙi jera farantai goma a kan rufi, domin a wurin da ake satar mutane don kuɗin fansa, rufi mai walƙiya sanarwa ce. Abin da hankali zai ɗauka, to, shi ne ɗimbin ƙananan na'urori masu yawo da masu su, da 'yan manya kaɗan a cikin garin Batsari, da Safana, da manyan garuruwa irin Runka da Ruma. Wannan siffa ta sha bamban da ta unguwannin Kano ko Abuja, inda gida ɗaya kan ɗora kilowat 5 ko 10 da inbata da batura.

Sai maganar yawan jama'a, wadda ita ce ƙashin bayan kowane hasashen bukata. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce. Ta ba Batsari mutum ɗan sama da dubu 200, Safana ɗan sama da dubu 180. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk wani adadi da ake ambata yau, tsohon ne aka ninka da wani kaso na ƙaruwa, kamar babu wanda ya motsa daga inda yake. Alhali an watse daga ƙauyuka zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, zuwa Dutsin-ma, zuwa birnin Katsina, wasu har jihar Maradi. Taswirorin zamani da ake haɗawa daga hotunan tauraron ɗan'adam suna ƙirga rufin gidaje da kyau, amma tauraro ba ya sanin ko akwai mai kwana a ƙarƙashin rufin. Ana iya tsara wa kufai tashar sola, a bar garin da 'yan gudun hijira suka cika da taransfoma ɗaya ta shekarun baya.

Kuskuren yana da fuska biyu, kuma kowace tana da tsada. A ƙaddara wani gari mai gida 400, aka ƙiyasta wa kowane gida wat 150, aka gina masa ƙaramar tashar sola mai kilowat 60. Idan gida 80 mafi hali da manyan shagunan garin sun riga sun sayi nasu farantan, su ne kuma da ma za su biya kaso mafi tsoka na kuɗin shiga, to mai tashar zai wayi gari da wutar da ba mai saye da rana. Ko ya ɗaga farashi a kan masu ƙaramin ƙarfi, ko ya daina gyara, batura su mutu, tashar ta shiga sahun rijiyoyin burtsatsen da aka ƙaddamar da kiɗa aka bari da ciyawa. Haka ma layin kilobolt 33 da aka ja kilomita masu yawa zuwa garin da masu iya biya suka riga suka sallami kansu. KEDCO ba zai yi ɗokin tura masa wuta ba, musamman tun Afrilun 2024 da aka ɗaga farashin rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, ribar kamfanin ta koma ga layukan birni masu awa 20.

Fuska ta biyu ta fi haɗari, domin ta fi daɗin faɗa a taro: a ga farantai ko'ina a ce ai karkara ta warware matsalarta. Lissafi bai yarda da haka ba. Faranti mai wat 300, a ranar Katsina mai ƙarfi, bayan an cire asarar zafi da waya da batir, abin da zai bayar a yini bai wuce kilowat-awa 1.2 da 'yan kai ba, kuma idan hazon hunturu ya sauka ƙura ta kwanta a kai, sai ya ragu. Wannan ya ishi fitila, da cajin waya, da fanka. Bai ishi injin niƙa ba, bai ishi mai walda ba, bai ishi ɗakin sanyin da zai hana tumatir ruɓewa ba. A matakin ƙasa ma haka abin yake. Megawat 1,700 na faranti, ko da duka an ɗora su suna aiki, za su ba da kimanin megawat-awa 7,000 a yini, alhali babban layin ƙasa mai megawat 4,500 yana ba da sama da 100,000. Wajen kashi 7 cikin 100 ke nan. Amma da tsakar rana, farantan nan suna iya kai kwatankwacin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da layin ke ɗauka. Ƙanƙanta ce a jimilla, girma ne a wasu sa'o'i, kuma mai tsara lantarki sa'o'i yake tsarawa. Bukatar da sola ta share ta rana ce. Ta bayan magariba, da ta injinan da ke samar da aikin yi, tana nan tana jira.

Wani zai ce ana maganar ƙirga farantai a wurin da ba a gama ƙirga kaburbura ba. Magana ce mai nauyi, kuma tsaro ya riga komai. Sai dai kuɗin lantarkin ba za su jira a gama yaƙi ba. Ana kashe su yanzu, da lissafi ko babu. Wani kuma zai ce duk rajistar da gwamnati ta buɗe, haraji ne ke biye da ita, kuma jerin sunayen masu kadara a irin wannan yanki, idan ya faɗa hannun masu kai wa ɓarayi rahoto, ya zama jerin waɗanda za a ɗauka. Wannan tsoro na gaskiya ne, kuma shi ya sa irin rajistar Jamus, mai suna da adireshi, ba ta dace da nan ba. Mai tsarawa ba ya bukatar sanin gidan wa. Yana bukatar ya san cewa a mazaɓa kaza, cikin kowane gida 100 kusan nawa ke da faranti, wane girma, da batir ko babu, kuma me ake kunnawa da shi.

Irin wannan sani ba shi da tsada. Samfurin gidaje 'yan ɗaruruwa a kowace ƙaramar hukuma, a maimaita shi duk shekara ba tare da rubuta suna ba, zai nuna alkiblar da abin ya dosa. Dillalan farantai a Katsina da Dutsin-ma, da samarin da ke haɗa sola, sun san abin da ke fita kowane wata da inda yake zuwa fiye da kowane ofishi. Manyan na'urori kuma, na asibitoci da makarantu da rijiyoyi da ƙarafan sabis, suna da takardu a ma'aikatu da kamfanoni daban-daban, tattara su kawai ya rage. Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-ma tana maƙwabtaka da Safana, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, kuma a cikin ɗalibansu akwai 'yan asalin garuruwan nan, waɗanda dagaci da mai unguwa za su saurara.

Bayan an ƙirga, bai kamata a fito da adadi guda a ce shi ne na 2030 ba. Yankin da makomarsa ta rataya ga sulhu yana bukatar hasashe mai rassa. A 2025 al'ummomi a Jibiya, Batsari, Safana da wasu maƙwabtansu sun ƙulla sulhu da 'yan bindiga, kuma ba a manta cewa irinsa na 2016 da na 2019 sun wargaje ba. Idan wannan ya ɗore, mutane za su koma ƙauyuka, fadamu su cika da famfunan sola, bukatar rana ta bazu a daji, ƙananan tashoshi su yi ma'ana. Idan ya rushe, jama'a za su ƙara cunkushewa a manyan garuruwa, bukata ta taru wuri ɗaya, ƙarfafa layin da ke akwai ya fi amfani. Jarin da ya dace a fara da shi shi ne wanda zai yi aiki a kowanne hali: tasha a cikin garin Batsari ko Safana da ke haɗe da layin KEDCO, mai ba kasuwa da asibiti wuta da rana, irin wadda aka gina mai megawat 1 a Zawaciki ta Kano, kuma wadda za a iya ƙara mata faranti da batir daki-daki. Tashar ƙauyen da ke bakin daji tana iya jiran ƙirga ta biyu.

Akwai wani ƙulli na doka da ya sa ƙirgar ta zama ta gaggawa. Ƙa'idojin ƙananan tashoshi da NERC ta fitar a 2016, ta sabunta a 2023, sun rataya izinin gina tasha mai zaman kanta ga tsarin faɗaɗa layi na kamfanin rarraba wuta, sun kuma tanadi diyya idan babban layi ya iso daga baya. Ma'ana, abin da KEDCO ya rubuta a takardarsa game da inda zai kai wuta cikin shekaru masu zuwa yana iya buɗe wa gari ƙofa ko ya rufe ta. Garin da aka sa a tsarin faɗaɗawa bisa hasashen da bai tsaya a kan komai ba zai iya rasa duka biyu: mai zuba jari ya kauce masa saboda layi na tafe, layin kuma bai zo ba. Idan Katsina ta karɓi ikon kula da kasuwar wutarta, ita kaɗai ko tare da Kano da Jigawa, wannan takarda ce ya kamata hukumar jihar ta fara nema, ta ɗora ta kusa da sakamakon ƙirga, gari bayan gari.

Lokacin yin ƙirgar ma yana da muhimmanci. Wanda ya zagaya da damina zai tarar famfunan ban ruwa a jingine a ɗaki, an kwance farantansu an mayar kan rufi ko an ba wani aro, ya rubuta cewa babu su. Tsakanin Disamba da Maris, lokacin da noman rani ya kankama kuma hazo ke gwada ƙarfin kowane faranti, shi ne za a ga na'urorin a bakin aikinsu, a kuma auna abin da suke bayarwa.